Noman Murjani

Daga gidana na Goronyo zuwa bakin madatsa ba wata tafiya ba ce a kan babur. Kowace safiya masunta na fitowa da tarwaɗa da gargaza cike da jirage, amma ni sai da na tashi na sayo kifi tun daga Ikko. Kifi biyu tak, kowanne bai kai ɗan yatsana tsawo ba, ba a cin su, kuma in ka zuba su a ruwan madatsarmu mutuwa za su yi. Har yau akwai masuntan da in suka hango ni sai su tambaye ni ko baƙin nawa sun tashi lafiya.

Aikin malamin gona nake yi a filayen noman rani, ina yawo tsakanin masu albasa da masu tafarnuwa ina gaya musu abin da suka fi ni sani. Wata shekara aka tura ni kwas Ikko, kuma a masaukinmu ne na ga wani akwatin gilashi cike da ruwa, da fitila mai shuɗin haske a kansa. Na tsaya kallo har abincin rana ya wuce ni. Mai kula da shi ya ce ruwan teku ne, na gishiri. Kifayen da ke ciki masu launin ruwan lemo da farar ɗamara kuwa, Turawa sun sa musu wani suna mai ma'anar ɗan kama, saboda yadda suke tafiya suna rangaji. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne waɗansu abubuwa da ke manne a kan duwatsu, masu kama da fure, suna buɗewa suna kaɗawa. Ya rantse mini ba tsiro ba ne, halittu ne masu rai. Ni kuwa ina da wani hali da iyalina suka daɗe da haƙura da shi: in abu ya shiga kaina, ba ya fita sai ya ci wani abu nawa.

Na sa aka yanka mini gilashi a Sakkwato. Na ƙara farantin sola da batir, domin famfon da ke juya ruwan bai san an ɗauke wuta ba. Gishirin ma ba na miya ba ne, ba kuma manda ba, wani haɗi ne na musamman da wani direban babbar mota ke taho mini da shi in ya sauke albasa a kudu. Na zuba farin yashi, na jera duwatsu, na cika ruwa, sannan aka ce dole in bar shi makonni yana juyawa babu kifi ko ɗaya, sai ruwan ya nuna. A waɗannan makonnin maƙwabta suka riƙa shigowa ɗakin baƙina suna kallon ruwa. Su zauna, su yi mini addu'ar samun sauƙi a fakaice, su tashi.

Wadda ba ta taɓa yin fakaice ba ita ce Kaka, mahaifiyar babana, wadda ta rene ni. Tsakanin jika da kaka wasa ne, mu kuwa namu ya wuce na kowa. Tana ce mini maigida, tana ƙarata wurin duk wanda ya shigo cewa ba na cefane, ni kuma ina yi mata barazanar saki duk ranar da kununta ya yi gudaji. Ta dawo hannuna ne tun shekarar ambaliya, lokacin da ruwa ya narkar da ɗakinta a wani ƙauye bayan Taloka. Ta rasa gero, ta rasa awaki, ba ta ce komai ba. Abu ɗaya ta yi wa kuka, shi ne murjaninta, silin jan dutsen wuya da ta gada daga uwarta, mutuniyar Wurno. Ruwa ya tafi da adudun da yake ciki. Ƙwaya ɗaya ce ta tsira, domin zaren ya taɓa tsinkewa, wannan ɗin ta gangara ƙarƙashin gado, da ta tsince ta daga baya sai ta ƙulle a bakin zane kafin ta samu lokacin mayarwa. Da wannan ƙullin ta fito daga ruwa. Tun daga nan, in ta sauya zane sai ta sauya wa ƙullin wuri, kuma ko matata ba ta isa ta wanke mata zane ba sai an kwance shi a gabanta.

Ranar da kayana suka iso cikin kula, kowanne a ledarsa, Kaka ta ja kujerarta ta tsuguno har gaban gilashin. Kifayen ba su ba ta wahala ba. Ta ce babbar ta sha lalle, ƙaramin kuwa barantaka yake yi mata, kuma ta yi daidai, domin a wannan jinsin mace ce babba, ita ce mai gida. Amma da halittun nan suka fara buɗewa a kan dutse, wata koriya shar, wata mai dogayen yatsu masu farin kai, sai ta matso har goshinta ya taɓa gilashi.

"Maigida, wanga hwa mi na na?"

Na tsaya neman suna. Mu da ba mu da teku, ina muka ga sunan abin da ke ƙarƙashinta? Sai na tuna malaminmu na zaure ya taɓa gaya mana cewa murjani daga teku ake fito da shi, kuma na karanta cewa dangin waɗannan halittu ne. Na ce mata murjani ne. Ban yi ƙarya ba a nan, sai dai na san wanda ake fafewa a yi dutsen wuya wani iri ne daban, can ƙasan teku yake, nawa ko zai shekara ɗari ba zai ba da ja ko ɗaya ba.

Hannunta ya tafi bakin zane. Sannan ta tambaye ni, a hankali, ko yana ɗiya.

A nan ya kamata in ce a'a. Amma shaiɗancin jika ya motsa, na gyara murya irin wadda nake yi wa manoma, na ce sosai ma kuwa. Na yi mata bayani dalla-dalla cewa da farko kore yake fitowa, in ya sha ruwa ya ƙoshi sai ya yi fure, furen ya kaɗe, ɗiyan su faɗo cikin yashi su nuna su yi ja, sai a tona kamar gyaɗa. Matata na tsaye bakin ƙofa da tire a hannu. Ta yi mini wani kallo, na yi kamar ban gani ba.

Na ɗauka kwana biyu za a yi a yi dariya a wuce. Ashe na ɗauki ma'aikaciya. Kaka ta ƙwace akwatin daga hannuna. Ita ke tuna mini in auna gishiri, ita ke lura in ruwa ya ja baya a ƙara mai daɗi. Da bazara ta shigo, ɗakin ya zama tanda, ita ke tsare matata sai an saka gorunan ƙanƙara a cikin ruwan kafin a ɗora girki, domin na gaya mata zafi na kashe su. Ta hana yara buga gilashi. Ta hana a fesa maganin sauro a ɗakin, ta hana turaren wuta, abin da ni da bakina na kasa hanawa. A gaskiya ban taɓa ganin akwatin ya yi kyau kamar lokacin da yake hannun tsohuwar da ba ta taɓa ganin teku ba. Mai dogayen yatsun nan ta yi girma har kifayen suka mayar da ita ɗaki, suna shiga suna birgima a cikinta.

Watanni suka wuce babu ɗiya. In ta tambaya sai in ce bana ruwa ne bai yi ba, ko in ce irin na kudu ne, yana da nawa. Ita kuwa matar manomi ce, ta shekara sittin tana kallon gona, ba ta yarda da gonar da ba ta ba da komai ba tare da dalili ba. Ta yi nata lissafin ita kaɗai.

Wata rana na dawo daga fili, matata ta tare ni tun a zaure. Ta ce Kaka ta gano matsalar gonata, wai ban sa iri ba. Ta sa an ɗora ta kan turmi, ta naɗe hannun riga, ta kwance ƙullin bakin zanenta, ta tura ƙwayar nan da ɗan yatsa cikin yashi a gindin babban dutse, ta rufe, ta yi bisimilla. Na fashe da dariya har na dafa bango. Matata ba ta yi ba. Ta ce mini shekara nawa tsohuwar nan ba ta rabu da abin nan ba ko wurin wanka, yau ta rabu da shi saboda maganata. Na daina dariyar. Na shiga na tarar da Kaka zaune, bakin zanenta duk ya yamutse inda ƙullin yake, babu komai a ciki. Ta ce in na iya bakina kada in gaya wa kowa sai ya fito.

Mutumin kirki a nan zai durƙusa ya faɗi gaskiya. Ni sai na ji tsoron fuskarta, kuma, in faɗa da bakina, wasan bai ishe ni ba. Ranar kasuwa na je wurin masu koli na sayi jan dutsen wuya na roba, irin wanda ake ɗaura wa yara. Na bari aka yi wata guda, sannan na tura ƙwaya ɗaya cikin yashi ta yadda gefenta zai leƙo. Washegari ita ta gani. Na ciro mata da 'yar raga, ta karɓa, ta juya, ta kai ga kumatunta, ta kai baki, ta dube ni. Sai ta ce Allah ya yi albarka, ta jefa a gwangwanin madara. Daga nan duk Juma'a gona na ba da ɗaya. In na ji ƙarfin hali ta ba da biyu. Tana tarawa, tana godiya, wani lokaci har ta yi mini faɗa cewa na wannan makon bai kai na makon jiya ƙiba ba, in ƙara taki. Ni kuwa ina ta jin kaina, ina cewa duk Goronyo babu mai wayona.

Gwangwani ya kusa rabi lokacin da aka aiko cewa an yi haihuwa a danginta na Wurno. Kaka ta sa matata ta nemo zare, ta zauna tsakar gida tana shirya ƙwayoyin nan ɗaya bayan ɗaya. Ta ce da su za ta je suna. Ta lissafa tsofaffin da za su hallara, har da wata ƙawarta ta Rabah, duk mata ne da suka san murjanin uwarta, suka taɓa shi da hannunsu. Ta ce za ta nuna musu ruwa ya ci, ruwa ya biya.

Na san matan nan. Daga bakin ƙofa za su gane roba, kuma ba za su yi dariya a gabanta ba, abin da ya fi muni ke nan, za su tausaya mata, su ce tsufa ya zo. Kwana biyu ina kewaya ta kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ana gobe tafiya, da hantsi, na same ta tana shan kunu, na zauna ƙasa kusa da ƙafarta, abin da ban saba ba. Na faɗa mata komai, tun daga furen da ba ya kaɗewa har zuwa mai koli.

Ta ƙarasa kununta tukuna. Ta lashe ludayi, ta kife.

"Haƙora biyu sunka rage min, maigida, amma sun san roba," in ji ta. "Murjani sanyi garai ga kumci, ko cikin bazara. Naka ɗumi shikai. Tun na hwarko nig gane."

Na tambaye ta to don me ta yi shiru wata da watanni. Ta ce tana so ta ga iyakar inda malamin gona zai kai da noman roba, kuma zancen zuwa suna da robar ta ƙirƙira ne don ta ga ko akwai sauran kunya a jikina. Na ji sanyi, na fara murmushi, ina shirin cewa ashe an yi kunnen doki. Sai ta ɗago ta dube ni, babu wasa a fuskarta.

"Amma ran da nish shibka nawa, na gaskata ka. Rannan ba wasa nikai ba. Ka ba ni abina."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba. Na tashi na wanke hannu, na tura yatsa gindin babban dutse inda aka ce ta shuka. Babu. Na laluba dama, na laluba hagu, babu. Sai a lokacin na tuna halin babbar cikin kifayen, uwar gidan nan mai lalle: kullum tana kaɗa wutsiya tana share yashi daga ƙofar ɗakinta, duk abin da ta tarar kuwa sai ta ture shi da baki ta kai wani wuri. Na sha kallonta ina dariya. Aka fasa ni daga tafiyar Wurno, matata ta raka Kaka, ni kuwa na kwana biyu ina tace yashi da rariyar shayi, loko-loko, ina samun robobi biyu da na manta da su. Na gaskiyar bai fito ba.

Wuri ɗaya ya rage, bayan babban dutse, inda ya jingina da gilashin baya. Matsalar ita ce halittun sun riga sun yaɗu sun haɗe dutsen da na kusa da shi, mai dogayen yatsun kuma a kansa take zaune. Ɗaga shi na nufin yage su, da tayar da dattin da ya kwanta ƙarƙashi, ga shi kuma tsakiyar zafi ne, suna fama da kansu. Shekara ɗaya da rabi na yi ina renon su. Zan faɗi abin da ban so faɗa ba: sai da na yi yini guda ina tsaye gaban gilashin ina neman hanyar da zan ce wa Kaka ya narke. Har na shirya bayanin, da muryar malamin gona da komai. Da na ji kaina ina gwada shi a fili, sai na tsani muryar. Na ɗauko robobin wanka, na kwashe ruwa, na kama kifayen, na sa hannu biyu na ɗaga dutsen. Na ji lokacin da abin ya yage.

Yana can, maƙale a wani rami a bayan dutsen, inda ɗan haske ke ratsawa. Na ɓanɓaro shi da tsinke. Sai dai ba yadda ya shiga ya fito ba. Akwai wani ɓawo mai tauri, ruwan hoda, da ke bin duwatsu da gilashi a irin wannan akwati in ruwa ya yi kyau, shi ne ya kama gefen ƙwayar ya rufe kusan rabinta.

Mai dogayen yatsun ba ta tashi ba. Cikin kwana uku ta saki jiki, ta zube, ta bar farin ƙashi. Kifayen suka yi ta kewaya wurin suna neman ɗakinsu. Na ji zafin abin, ba zan ɓoye ba, kuma babu wanda zan ɗora wa laifi.

Kaka ta dawo daga Wurno da robar nan a wuyanta. Matata ta ce ai sai da ta saka, kuma tun kafin kowa ya buɗe baki ta sanar da taron cewa murjanin noman rani ne, jikanta ke noma shi a Goronyo, duk mai so ta kawo buhu. Wai ƙawar nan ta Rabah ta yi dariya har sai da aka ba ta ruwa. Na bari ta huta, sannan na kawo mata ƙwayarta a tafin hannu, da reza a ɗaya hannun, na ce ta ba ni izini in kankare dattin da ya kama ta, in mayar mata da ita yadda take.

Ta karɓa. Ta kai ga kumatunta, ta rufe ido, ta daɗe a haka. Sannan ta matsa bakin ƙofa inda haske yake, ta juya ta, ta sa farce ta taɓa ɓawon. Ta tambaye ni ko shi ma wannan ni na manna. Na rantse mata ba ni ba ne, shi ya fito da kansa, kuma yana da rai. Ta sa na sake rantsewa. Ta leƙa akwatin, ta ga dutsen a karkace, ta ga farin ƙashin, ta ga kifayen na gantali, ba ta ce mini sannu ba. Ta miƙo mini ƙwayar.

"Maishe shi inda kaɗ ɗauko shi. Kai da kac ce bai tsira. Ya kama, kai ko ka tumɓuke."

Na tsaya da abin a hannu, ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba, ita kuwa ta koma kan kujerarta tana cewa wannan wane irin malamin gona ne gwamnati ke ciyarwa. Na mayar. Amma ban binne ba, na ɗora ta a wani ɗan gurbi a gaban dutsen, na danne ta yadda mai lalle ba za ta iya turewa ba, inda Kaka za ta riƙa ganinta daga zaune.

Damina biyu ta ƙara yi a duniya, kuma kowace safiya sai ta duba shukarta kafin ta karya. Da aka zo raba 'yan kayanta, wata goggona ta tuna da ƙwayar, ta tambaya ina take. Na kai ta ɗakin baƙi na nuna mata. Ta duba ta ce ita ba ta ga murjani ba, ta ga tsakuwa ruwan hoda. Gaskiyarta, domin ɓawon ya riga ya rufe ta ruf, ko ɗigon ja ba a gani. Ta ce in ciro a kankare a gani. Na ce mata mai shukar ta hana.